Waiwaye: Wa Ke Ba Malamar Gida Hutu?

A duk makarantar da na taɓa sani, akwai wanda yake yanke ranar hutu. Hedimasta ya tara yara a fili ya ce an tashi sai bayan Sallah, kowa ya suri jakarsa da ihu. A makarantar allo ma, da zarar Laraba ta yi yamma an san alluna za su jingina da bango har a sauko Juma'a, wani wurin ma sai Asabar. Malami ya ja ƙofa ya tafi gida, shi ma ya miƙe ƙafa. Makarantar da ke cikin gida ce kaɗai ba ta da mai yi mata wannan shela. Matar da ta ɗauki nauyin koyar da 'ya'yanta da kanta, ita ce hedimasta, ita ce malamar aji, ita ce mai girkin rana, in kuma tana fita nema, ita ce dai ma'aikaciyar da za ta ruga ta kama jirgi da la'asar. In lokacin bukukuwa ya zo, hidimarsa hawa take yi kan waɗannan duka, ba tare da an sauke ko ɗaya ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, 'yan'uwa mata a nan Bronx sun yawaita tare ni a masallaci ko a gidan suna, suna tambayar yadda ake cire yaro daga makarantar gwamnati a koyar da shi a gida. Wace takarda ake cikewa, waɗanne littattafai ake saya, nawa ake kashewa. Nakan ba su amsa daidai sanina. Amma har yau ba wadda ta tambaye ni yaushe malamar take hutawa, alhali a nan ne na ga mata suna faɗuwa. Ni ma a nan na faɗi, tsakanin hunturun 2021 da Ƙaramar Sallar 2022.

Mu dai korona ce ta shigar da mu harkar. A tsakiyar Maris na 2020 aka rufe makarantun birnin New York, karatu ya koma kwamfuta, teburin cin abincinmu ya zama aji. A kan teburin nan na gane ɗana na tsakiya, wanda ake ta cewa yana baya a karatu, ashe hayaniyar aji ce take ruɗa shi. Da ya samu mai zama kusa da shi yana bin layi da yatsa, sai baki ya buɗe. Da makarantu suka dawo, muka yi shawara da maigida muka bar su a gida. Muna son Alƙur'ani ya samu safiya, lokacin da kan yaro yake sabo, muna kuma son Hausa ta zauna a bakinsu. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Hukumar ƙidaya ta Amurka ta ce a cikin gidaje masu yara 'yan makaranta, masu koyarwa a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a ƙarshen Afrilun 2020 zuwa kashi 11.1 a farkon Oktoba. A gidajen baƙaƙen fata kuwa, daga kashi 3.3 aka kai 16.1.

Jihar New York tana cikin masu sa ido sosai a kan wannan karatu. Kafin 1 ga Yuli za ki aika takardar sanar da niyya. Sai ki rubuta tsarin karatun kowane yaro na shekara, darasi bayan darasi: lissafi, karatu da rubutu, Turanci, tarihin Amurka, labarin ƙasa, kimiyya, kiwon lafiya, zane, motsa jiki da sauransu. Sau huɗu a shekara za ki miƙa rahoto, ki faɗi awoyin da aka yi da abin da aka karanta, in kuma wani darasi bai kai kashi 80 cikin ɗari na abin da kika tsara ba, ki rubuta dalili. 'Yan aji ɗaya zuwa shida awa 900 ake nema a shekara, daga aji bakwai zuwa sama awa 990, a kwatankwacin kwana 180. Ƙarshen shekara akwai auna fahimtar yaro, wata shekarar da rubutaccen bayani, wata da jarrabawa. Ban ga laifin wannan tsari ba, don yaro amana ne, gara a riƙa tambaya. Sai dai macen da ta zo baƙuwa ƙasar mutane, takarda mai hatimin hukuma tana da wani nauyi a zuciyarta. Kullum gani take in ta yi sakaci da kwana ɗaya za a ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, irin aikin da matanmu na Afirka ta Yamma da yawa suke yi a birnin nan: wanka, ba da abinci, tunatar da shan magani, juya mara lafiya kada jiki ya yi gyambo. Maigida tasi yake ja. Shi yakan fita da asuba ya dawo da la'asar, ni in fita da la'asar in dawo tsakar dare. A bakin ƙofa muke haɗuwa, yana cire takalmi ina sa nawa, in gaya masa abin da ke cikin tukunya da wanda bai gama lissafinsa ba. A watannin da babu wata hidima, tsarin yana tafiya. Matsewa ce dai, amma yana tafiya.

Daga Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ranar bikin godiyarsu, har zuwa sabuwar shekara, Amurka takan shiga wani yanayi na daban. Abokan aiki Kirista suna son hutu su je ga danginsu, haƙƙinsu ne kuwa, mu ma in Sallah ta zo su suke tare mana. Saboda haka Musulmi ne muke kwasar aikin ranakun, ga shi akwai ɗan ƙarin kuɗi, ga kuɗin haya na jira. A Disambar 2021 abin ya ninka, don sabon nau'in korona mai suna Omicron ya kwantar da ma'aikata da yawa, waya ba ta daina ƙara ana neman mai zuwa. Sai na koma kwana a wurin aiki. Makarantun gwamnati kuma suka ba da hutun ƙarshen shekara, iyaye ma'aikata suka rasa inda za su kai yara, sai aka tuna ai gidan su wance kullum da mutum. 'Ya'yan maƙwabta suka cika falo. Ba a korar ɗan mutane, ni ma ban taɓa tunanin korarsu ba. Karatun namu kuwa ban tsayar ba, tunda Kirsimeti ba bikinmu ba ne, rahoto na biyu kuma yana ƙaratowa. Rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi, sanyi ya hana yara fita, kowa yana kan kowa a ɗaki biyu da falo.

Gidanmu a hawa na biyar yake, babu lif. Da safe in na dawo daga kwanan aiki, sai in samu kaina na tsaya a hawa na huɗu, na zauna a kan matakala da rigar sanyina, makulli a hannu. Daga nan ina jin komai: ƙarar cokali a kofi, maigida yana neman hularsa, autana yana tambaya ko Umma ta dawo. Ina jin muryarsa, amma babu abin da ke motsi a ƙirjina. Yaron da in na ji kukansa daga nesa nake zubar da abin da ke hannuna, ga shi yana kirana ina zaune ina kallon bango, ina roƙon Allah ya ƙara mini minti biyar. Sai na ga maigida zai makara sannan in miƙe in hau, in yi sallama da fara'ar da na ɗinka a kan matakala.

Sauran alamomin a hankali suka riƙa zuwa. Babbar 'yata tana karanta mini shafi guda, ta kai ƙarshe ta ɗago tana jiran in ce wani abu, ni kuwa ban ji ko kalma ɗaya ba. Fensir ya faɗi ƙasa in yi tsawa kamar an fasa tulu. In na samu damar kwanciya barci ya ƙi zuwa, in ya zo kuma in tashi kamar ban kwanta ba. Ranar 9 ga Janairun 2022 gobara ta tashi a wani dogon bene a nan Bronx, ta ci rayuka 17, takwas yara ne, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya. Unguwa gaba ɗaya ta girgiza, mata suna kuka a masallaci, ana ta tara kaya da abinci. Na je ta'aziyya, na zauna cikin mata, idona ya bushe ƙayau. A hanyar dawowa na tsorata da kaina. Ban san zuciyata da wannan taurin ba.

Daga baya na san cewa masana sun daɗe da sanin wannan hali. Tun 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a nan New York, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta, yadda suke farawa da zafi su ƙare a lanƙwashe, ya kuma lura waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su abin ya fi kamawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan gajiya cikin kundinta, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, jin aikin ya fita daga rai, da raguwar ƙwazo. Sai dai hukumar ta taƙaita ta ga wurin aiki. Wasu malamai mata biyu a jami'ar Louvain ta Beljiyam, Isabelle Roskam da Moïra Mikolajczak, su suka bi ta har cikin gida. Sun nuna iyaye ma tana kama su: ƙarfi ya ƙare, uwa ta ja baya daga ɗanta a zuci ko da hannunta na yi masa hidima, ta ƙoshi da renon, ta duba kanta ta ga ba uwar da ta sani ba ce. Lokacin da na karanta wannan, matakalar hawa na huɗu na tuna. A binciken da suka jagoranta a ƙasashe 42, wanda ya fito a 2021, sun samu abin ya fi yawa a ƙasashen Yamma, inda kowa ya kama gabansa, reno ya zama na mutum biyu ko ɗaya a bayan rufaffiyar ƙofa. A Agustan 2024 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Dakta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan halin da iyaye ke ciki, inda ya kawo cewa kashi 48 cikin ɗari na iyaye sun ce a yawancin ranaku damuwa tana fin ƙarfinsu, alhali a sauran manya kashi 26 ne. Mu da muka taso inda ɗa na kowa ne, yanzu a cikin waɗannan alƙaluma muke zaune.

Ban farfaɗo daga hunturu ba azumi ya kama, a farkon Afrilun 2022. A New York azumin shekarar awa 14 ne zuwa 15. Wadda ta taɓa riƙe gida a watan Ramadan ba ta bukatar in lissafa mata, amma zan faɗa saboda maza masu karatu. Tashi ƙarfe uku da rabi a ɗora sahur. Jiƙa wake, surfe shi, markaɗe, suyar ƙosai. Kunun gyada ko na tsamiya, don maigida ba ya jin ya sha ruwa sai da kunu. Ranar da girkin buɗa baki na masallaci ya zagayo kanmu, manyan tukwane biyu a kan murhun da aka yi don ƙaramar tukunya. Tarawihi ba a idarwa sai dare ya raba. Ga zuwa wurin tela a titi na 116 a Harlem, a je a dawo a ce ba a gama ba. Ga kitson yara, ga lalle, ga cincin da dambun nama. Ga waya daga gida, wadda takan shigo ina tsakar barcin da na samu da ƙyar, don Najeriya tana gabanmu da awa biyar, kowa yana tuna mini kayan Sallah da na marayun gidan wane. A cikin wannan duka, ƙarfe tara na safe littattafai suna kan tebur, don jarrabawar ƙarshen shekara ta babbar tana matsowa. Da la'asar in ɗauki dabino uku da gorar ruwa in kama jirgi, in sha ruwa a kicin ɗin tsohuwar da nake kula da ita.

Tun 2015 makarantun gwamnati na birnin nan suke rufewa ranar Ƙaramar Sallah da Babba, nasarar da Musulmin New York suka daɗe suna nema kafin magajin gari Bill de Blasio ya amince. Ƙaramar Sallar 2022 ta faɗo Litinin, 2 ga Mayu. Muka je Idi muka dawo, maigida ya zauna a falo da baƙi, ni na shiga kicin na ɗora tandar da na zo da ita daga gida. Ƙullun waina cike da roba, miyar taushe tana tafasa. Na zuba zagaye na farko, na juya, na kwashe. A na biyu hannuna ya ƙi ɗaga ludayi. Ba ciwo nake ji ba, ba jiri ba. Kawai na zame na zauna a ƙasa, na jingina da firij, ina kallon waina tana ƙonewa.

A haka Hajiya ta same ni. Dattijuwa ce 'yar zangon Kumasi da ke hawa na biyu, ta shigo da kwanon abincin Sallah. Ta ajiye kwanon, ta kashe wuta, ta buɗe taga.

"Subhanallahi! Ɗiyata, me ya same ki?"

"Ba komai, Hajiya. Gajiya ce."

"Wannan ta wuce gajiya." Ta leƙa robar ƙullun ta dube ni. "A gidanku can Zariya, mata nawa ne ke kan tanda ranar Sallah?"

Na fara lissafi a zuci. Innarmu da abokan zamanta, matan yayyena, mu 'yan mata masu miƙa itace da wanke-wanke, da wata gwaggo da ba ta taɓa yarda wani ya taɓa miya ba.

"Sun kai goma, Hajiya."

"To ke kaɗai kike so ki zama su goman, ki zama malamar makaranta, ki kuma je aikin kwana? Wa ya ɗora miki?"

Ba ta jira amsa ba. Ta leƙa falo ta yafito maigida, ta rage murya saboda baƙi. "Alhaji, zo ka ga iyalinka. Yarinyar nan ba ƙarfe ba ce. Yau baƙinka abincina za su ci." Ta kwashe yaran ta sauka da su, ta ce kada wanda ya hawo sai bayan isha'i. Maigida ya tsaya a bakin kicin ya kasa magana. Mutumin kirki ne, bai taɓa hana ni komai ba. Abin da yake gani kullum shi ne abinci a kan lokaci, yara suna karatu, mata tana cewa lafiya lau. Ranar ce ya fara ganin abin da ake biya kafin a samu haka.

Tambayar Hajiya ita ce ta buɗe mini ido, har yau kuma ita nake maimaita wa mata. Mun ɗauko Sallar babban gida, mai mata goma da tsakar gida da 'yan aike, mun kawo ta ɗaki biyu da falo mun ɗora wa mace ɗaya. Mun ɗauko aikin makaranta, wanda a waje mutane da yawa ne suke raba shi kuma a ba su hutu, mun ƙara mata. Ba ina cewa matan can gida ba sa gajiya ba ne. Suna gajiya ƙwarai, ba a dai tambayarsu. Amma a can in ciwon kai ya kama ki akwai wadda za ta karɓi ludayin. A nan sai dai wainar ta ƙone.

Na je asibiti a makon, kuma ina roƙon duk wadda ta ji alamomin nan a jikinta ta je. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo da ke rage kuzari, hawan jini, da ciwon damuwa mai tsanani duk suna iya zuwa da kamar wannan fuska, kuma kowanne da maganinsa. In har tunanin cutar da kai ko cutar da yaro ya fara gilmawa, wannan ba na jira ba ne. A Amurka tun Yulin 2022 akwai lambar 988 da ake kira dare da rana.

Da na ɗan dawo hayyacina, muka zauna da maigida muka sake karanta dokar nan da nake tsoro, layi bayan layi. Kwana 180 ta ce. Shekara kuwa kwana 365 ce. Wato fiye da rabin shekara ba a nemi komai a wurinmu ba. Ba ta kuma ce dole a bi kalandar makarantun gwamnati ba. Shekarar karatu daga 1 ga Yuli take zuwa 30 ga Yuni, mu za mu zaɓi ranakun, mu ne ma muke sa ranakun miƙa rahoto. Awa 900 ɗin nan ba duka a kan tebur ake yin su ba. Zuwa ɗakin karatu na unguwa karatu ne, yawo a gidan namun daji na Bronx da littafin rubutu a hannu kimiyya ce, guje-guje a filin wasa yana cikin darasin motsa jiki. 'Yancin da ya sa muka zaɓi wannan hanya tun farko yana nan a rubuce, tsoro ne ya rufe shi.

Sai muka ɗauko kalanda, muka fara da abin da ba a saba farawa da shi ba. Kafin mu rubuta darasi ko ɗaya, muka zana ranakun da makaranta za ta rufe. Goman ƙarshe na azumi da mako guda bayan Sallah, a rufe. Kwana ashirin na farko, Alƙur'ani da ɗan karatu kaɗan bayan azahar, shi ke nan. Makon Babbar Sallah, a rufe. Makonni biyun ƙarshen Disamba da nake kwanan aiki, a rufe, ko bikinmu ne ko ba namu ba, tunda malamar ba ta nan. Abin da aka rasa muna cike shi da safiyoyin Yuli da Agusta, kafin zafi ya tashi. Juma'a kuma muka mayar da ita yadda muka taso muka gani, ba a buɗe littafin boko.

Rufe makaranta kaɗai ba ya isa, don in yara suna hutu uwa tana kan murhu, to su kaɗai suka huta. Wannan ɓangaren ya fi wuya, saboda sai an taɓa abin da aka saba. Maigida ya karɓi lissafi gaba ɗaya, da ma ya fi ni iya shi, yana yi da su bayan magariba. Ya karɓi sahur na wasu ranaku, ya kuma koyi dama kunu. Buɗa baki ya koma kala ɗaya. Ƙosai ranar Juma'a ne, da garin wake na kanti. Ɗinkin Sallah tun watan Rajab ake kai shi. Kuɗin da za a aika gida muna yanke shi tun kafin azumi, mu tura wa mutum ɗaya ya raba, mu sanar da kowa cewa iyakar abin da Allah ya hore ke nan. An yi ƙorafi a shekarar farko, daga baya aka saba. Muka haɗa kai da wasu gidaje uku masu koyarwa a gida, ɗaya 'yan Nijar, biyu 'yan Gana: ranar Sallah gida ɗaya ake taruwa, kowa ta zo da kwano guda, kuma kowane mako akwai yinin da yara duka suke gidan mutum ɗaya, sauran ukun su sarara. Yinin da yaran suke wani gida ba na wanki, ba na cefane, ba na shirya darasi. Barci nake yi, in tashi in kira Innarmu mu yi hira ba gaggawa.

Akwai shawarwari biyu da nake yawan ji, dukansu ban gamsu da su ba. Mujallun nan ƙasar sukan ce uwa ta kula da kanta, ta yi wanka da ruwan ɗumi, ta fita shan iska na minti goma. Ba laifi, amma in ta dawo kayan suna nan yadda ta bar su, ba a rage ko tsinke ba. Namu kuma sukan ce ki yi haƙuri, lada kike samu, aljannarki ce. Na yarda da lada, shi ne ma yake tashe ni da asuba. Amma addinin da ya yi alkawarin ladan shi ne ya zo da labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, wanda ke cikin Bukhari: Salmanu ya ga ɗan'uwansa ya ɗora wa kansa azumi da tsayuwar dare har ya manta da jikinsa da iyalinsa, ya sa shi ya ci abinci ya kwanta, da maganar ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. In an hana mutum ƙure kansa a nafila, ina ga suyar ƙosai? Duk wanda zai ce wa mace ta yi haƙuri, ya fara karɓar wani abu daga hannunta tukuna.

Masu tambaya ko yaran sun koma baya saboda yawan hutu, ba su koma ba. Sun wuce gwajin ƙarshen shekara lafiya, kuma karatun da ake yi da malama mai walwala ya fi shiga. Babbar tawa ce ta faɗa wata rana muna tsakar darasi, ba tare da na tambaye ta ba: "Umma, yanzu kin dawo kina dariya." Ban san ta lura da tafiyar dariyar ba sai da ta ba ni labarin dawowarta.

Zan kuma faɗi wata gaskiya da masu son wannan hanya ba su cika faɗa ba. Koyarwa a gida ba farilla ba ce. Ɗaya daga cikin gidajen nan uku, da mijin ya koma aikin dare, sun duba sun ga ba za ta yiwu ba, suka mayar da yaransu makaranta. Yaran suna nan lafiya, suna zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi, uwar kuma ta samu kanta. Ban ga faɗuwa a nan ba. In babu mutum na biyu da zai ɗauki wani sashe na aikin da sunansa da ranarsa, ni ba na ba mace ma'aikaciya shawarar ta fara.

Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2030 sau biyu zai zo, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba, wato hidimar azumi da aikin kwanan ƙarshen shekara za su haɗu a wata guda, cikin tsananin sanyi, na shekaru a jere. Abin da ya zo mini ɗaya bayan ɗaya har ya zaunar da ni a ƙasan kicin, ƙannenmu masu ƙananan yara yanzu a tare zai zo musu.

Don haka 'yar'uwa, kafin ki aika takardar 1 ga Yuli ta bana, ɗauko kalanda ki fara zana ranakun da makarantarki za ta rufe, da biro, ba da fensir ba. Kai kuma Alhaji, zauna kusa da ita a lokacin. Duk ranar da ta zana, tambaye ta wa zai yi girki, wa zai riƙe yara, in babu suna a wurin ka rubuta naka.